Lifidi, Sulke da Kwalkwali: Shekarunsu Nawa, Daga Ina Suka Zo?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya san yadda jama'a ke yin tsit idan 'yan lifida da 'yan kwalkwali suka kunno kai. Dawakai a lulluɓe har gwiwa, mahaya a kumbure kamar an hura su, gashin jimina yana kaɗawa a bisa kawunansu. In ka tambayi na kusa da kai tun yaushe ake wannan shiga, amsa ɗaya za ka ji: tun kaka da kakanni. In kuwa ka tambayi ɗalibin sashen Hausa, sai ya gyara murya ya ce tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, daga 1390 zuwa 1410. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, amsar ɗalibin ba ta fi ta ɗan kallo ƙarfi sosai ba, illa dai ita ta sami lambobi ta rataya a wuya.

Abin da ya jawo ni ga wannan magana ya faru ne a hutun da ya wuce, sa'ad da na zaga ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ina tattara sunayen kayan doki domin kundin kammala karatuna. A wani ƙauye da ke tsakanin Makarfi da Ikara, wani dattijo ya karɓe ni da mutunci, ya sa jikansa ya ɗauko wani adudu daga ɗakin tsakar gida. Da aka buɗe sai ga kwalkwali, gashinsa duk ya zube. Ya ce mini, "Yaro, wannan da kake gani tun zamanin Sarauniya Amina yake gidan nan." Na ce, "Baba, ko za a bar ni in juya shi?" Ya ce in juya. Da na duba ciki sai na ga shafin ɗinkin keke ne. Ƙarfen da aka naɗe goshinsa da shi kuwa gwangwani ne, har da alamar baƙaƙen boko da ba su gama gogewa ba. Amma a ƙarƙashin wannan shafi, inda ya yage, akwai wani tsohon saƙi na zaren kaɗi, ya yi baƙi ƙirin saboda gumi. Ban ce wa dattijon kome ba, domin ba na zargin ya yi mini ƙarya. Abin da ya ji daga iyayensa shi ya faɗa. Sai dai na fita gidan da sanin cewa kwalkwali guda yana iya zama da shekarun haihuwa biyu ko uku, kuma mu da muke rubutu a kan al'ada ba mu koyi yadda ake bambanta su ba.

Abin da Tarihin Kano ya faɗa

Madogarar da kowa ke komawa gare ta ita ce littafin nan na Larabci da aka sani da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1908. A cikinsa aka ce Kanajeji ɗan Yaji, sarki na goma sha uku, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, kuma dalilin haka shi ne yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu. Littafin ya ci gaba da cewa Kanajeji ya yaƙi Zazzau sau biyu. A karon farko ya sauka a Turunku, Zagezagi suka kore shi. A karo na biyu ya sauka a Gadas, aka kashe Sarkin Zazzau, shi kuma ya zauna kusa da Shika wata takwas.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Ikara da Makarfi da Kudan su ne ƙofar Zazzau ta arewa, su ke iyaka da ƙasar Kano. Har yau hanyar mota daga Kano zuwa Zariya ta Tashar Yari take bi, layin dogo kuma da ya isa Kano a 1911 ta Likoro da Gimi ya ratsa. Rundunar da ta taso daga Kano za ta Shika ko Turunku, da wuya ta kauce wa wannan yanki. Idan har labarin gaskiya ne, to kakannin mutanen nan suna cikin waɗanda suka fara ganin doki sanye da lifidi a ƙasar Hausa, kuma ba a matsayin 'yan kallo suka gan shi ba.

To amma sai mu tambayi littafin kansa, shi shekarunsa nawa? Labarinsa ya ƙare ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Murray Last da John Hunwick suna ganin a shekarun 1880 aka haɗa shi yadda yake a yanzu, M. G. Smith kuwa yana ganin an daɗe ana rubuta shi kashi-kashi. Ko wanne muka bi, tsakanin Kanajeji da rubutun da ke hannunmu akwai shekara kusan 500. Bugu da ƙari, littafin bai ba da shekarar hawan kowane sarki ba, tsawon mulki kawai yake faɗa. Palmer ne ya yi lissafi da baya-baya daga zamanin jihadi har ya fitar da 1390 da 1410. Idan an yi kuskuren shekara biyar a sarki goma, ginin duka ya goce da shekara hamsin.

Akwai kuma shaidar cewa littafin yakan ɗauki abin da ya faru a wani zamani ya ajiye shi a wani. Ya ce Wangarawa sun iso Kano a zamanin Yaji, uban Kanajeji. Amma littafin Wangarawan kansu, Aslul Wangariyyin, wanda Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, ya nuna sun baro Mali ne a Hijira ta 835, watau wajen 1431, suka iso Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1463 zuwa 1499. Tazarar ta kai ƙarni guda. Haka ma maganar Amina da dattijona ya jingina kwalkwalinsa gare ta. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Dauda ɗan Kanajeji, wajen 1421 zuwa 1438, jerin sarakunan Zazzau kuwa ya sa ta bayan Bakwa Turunku, wadda aka ce ta hau a 1536. Saboda haka ko da dattijon ya yi gaskiya, "zamanin Amina" lokaci ne da masana ba su daidaita a kansa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a jefar da Tarihin Kano. Dabi'ar masu ba da tarihin baka ce, a ko'ina cikin duniya, su tattara sababbin abubuwa su ɗora wa sarki guda wanda sunansa ya yi fice. Wanda ya san wannan ɗabi'a zai karanta maganar Kanajeji a matsayin alama cewa Kanawa sun tuna akwai lokacin da ba su da waɗannan kaya, kuma sun tuna cewa kibiyar mutanen duwatsu ce ta tilasta musu nemansu. Wannan babban bayani ne. Abin da ba za a iya cirowa daga ciki ba shi ne shekara.

Shaidar harshe

A nan ne ɗalibin Hausa yake da abin faɗa wanda masanin tarihi ba shi da shi. Kalmar lifidi daga Larabci take, daga libd, watau matsattsen gashi ko ulu da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi. Sauyin da ya same ta sananne ne a wurinmu. Harafin b na Larabci ya koma f, kamar yadda ya faru a littafi daga alkitab da likkafa daga arrikab, sa'an nan aka cusa wasula tsakanin baƙaƙe domin Hausa ba ta son su cunkushe. Joseph Greenberg, a nazarinsa na 1947, ya nuna cewa kalmomin aro daga Larabci hawa biyu ne: akwai tsofaffi da suka shigo ta bakin fatake da matafiya, akwai kuma na baya da suka shigo ta hannun malamai daga littattafai. Kayan doki irin su sirdi da linzami da likkafa ba daga littafi aka koye su ba, a kasuwa da bargar dawaki aka ji su. A ganina lifidi ɗan wannan ayari ne. A 1960 kuma Greenberg ya nuna cewa kalmomi da yawa na sarauta da ilimi ta hannun Barebari suka iso mana, abin da ke karkata hankali zuwa gabas.

Sulke ma ana danganta ta da kalmar Larabci silk, watau waya, kuma ma'anar ta dace da rigar da aka saƙa da zobban waya. Kwalkwali kuwa ba ta yi kama da ko ɗaya daga sunayen da Larabawa ke kiran hular yaƙi da su ba, irin su baila da migfar da huza. Siffarta ta ninki irin ta kalmomin gida ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi shakkar cewa kayan uku rana ɗaya suka shigo a kan raƙumi ɗaya. Mutane ba su cika ba baƙon abu sunan gida ba sai in sun riga sun san wani abu mai kama da shi.

Amma fa harshe yana da iyakarsa. Yana iya gaya mana cewa lifidi ta girmi kalmomin da malamai suka kawo, yana iya nuna mana hanyar da ta biyo. Ba zai iya cewa a 1400 ta shigo ko a 1500 ba.

Kaya uku, hanya uku

Sulke baƙo ne tun asali. Ƙarfe ba shi ne matsala ba, gama an sami shaidar narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, an kuma tono matoyar tama masu yawa a Samaru kusa da Zariya. Sai dai ƙera fartanya da takobi daban, jan waya da naɗa dubban zobba a ɗaure bakin kowanne da 'yar ƙusa daban. A. D. H. Bivar, wanda ya bincika makaman Arewa ya buga littafi a kansu a 1964, ya nuna cewa daga waje sulkunan da ya gani suka zo. Hanyar kuwa a buɗe take tun da wuri. Mamalik, waɗanda suka mallaki Masar daga 1250 zuwa 1517, mayaƙan doki ne masu sulke, kuma a 1391 ko 1392 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa wadda Alƙalƙashandi ya adana. A Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina, inda aka yi tono a 1907 aka sake yi a 1992, an sami kwanon tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya a cikin kabarin wani babban mutum. Inda kwano ya iso, sulke ma yana iya isowa. Wannan yana ƙarfafa Tarihin Kano ta fuskar cewa abin da ya faɗa mai yiwuwa ne a wancan ƙarni. Robin Law ma, a littafinsa na 1980 a kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya ga cewa manyan dawakai da sirdi mai likkafa a wajen ƙarni na 13 da na 14 suka canja salon yaƙi a wannan yanki.

Duk da haka, sulken da ke rataye a zauren wani gida a yau ba lalle ne ya kai waɗannan shekaru ba. A shekarun 1880 an ƙera wa dakarun doki na sarkin Masar sulkuna a Ingila, da zobba irin na rataya makullai. Mayaƙan Mahadi na Sudan sun sa sulke har zuwa yaƙin Omdurman a 1898, hanyar alhazai kuwa ta ƙasar Sudan take bi. Ashe ke nan sulke yana iya zama na ƙarni na 15, yana iya zama sa'an kakan kakanmu, kuma daga nesa duka ɗaya suke.

Lifidi kuwa sunansa baƙo, jikinsa ɗan gida. Dabarar lulluɓe doki da matsattsen ulu tsohuwa ce. Littafin dabarun yaƙi na Rumawan Gabas da ake jinginawa ga Sarki Moris, na wajen shekara ta 600, ya ambace ta, Larabawan farkon Musulunci kuma suna da ita da sunan tijfaf. Amma da dabarar ta iso nan sai ta sami audugar rimi da saƙi da madinka. Duk wanda ya san ƙasar Zazzau ya san ba a rasa rimi. Ba a bukatar ayari daga Masar kafin a yi bantan lifidi ko kumakumi, abin da ake bukata shi ne mai dukiyar da zai ciyar da doki ya biya madinki. Sai dai jan mulufi da akan yi wa ado da shi ne ke zuwa daga hamada. Wannan ne ya sa lifidi ya yaɗu fiye da sulke, har ya zama da sarauta tasa a fadojin ƙasar Hausa. Shi ne kuma ya sa ba ya daɗewa. Gumin doki yana cinsa, gara da asu suna cinsa, ruwan sama yana ruɓar da shi. Kayan aiki ne da ake sabuntawa, ba a ajiye shi don jikoki.

Shaidar gani da ido a kansa ta baya-bayan nan ce. A watan Fabrairu na 1823 Dixon Denham ya ga dakarun Shehu Laminu kusa da Kukawa sanye da sulke da hulunan ƙarfe. A 1826 Hugh Clapperton ya ga 'yan lifidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Konya ta Gobir, ya bayyana nauyin kayan da jinkirin dawakan, ya kuma ga yadda harsashi ɗaya ya kayar da na gabansu. Kafin wannan, a Tafkin Kwatto a 1804, maharban jama'ar Shehu sun karya rundunar Yunfa duk da manyan dawakanta. Tsakanin waɗannan shekaru da zamanin Kanajeji akwai ƙarni huɗu da muke cikewa da zato.

Kwalkwali shi ya fi rikitarwa, domin suna ɗaya ne a kan abu biyu. Akwai hular ƙarfe zalla mai tsini, wani lokaci da ƙarfen kare hanci da labulen sulke a wuya, irin wadda aka sani a Masar da Sudan. Akwai kuma wadda aka yi da tsumma da auduga aka naɗe da tagulla ko farin ƙarfe, aka kafa mata gashin jimina, irin ta dattijona. Ta farko 'yar'uwar sulke ce, ta biyu 'yar'uwar lifidi. Idan ɗalibi ya rubuta cewa Kanajeji ne ya kawo kwalkwali, sai a tambaye shi, wanne daga ciki?

Darasi daga Turai

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke cikin wannan duhu. A 1939 aka tono wata hular yaƙi a Sutton Hoo ta ƙasar Ingila, a cikin kabarin wani basarake da aka binne cikin jirgin ruwa. An iya cewa ta farkon ƙarni na 7 ce saboda tsabar kuɗin zinariya 37 na ƙasar Faransa ta dā da aka samu tare da ita. Hular a farfashe aka same ta. An harhaɗa ta a shekarun 1940, daga baya aka gane an yi kuskure, aka warware aka sake haɗawa a 1971. Asalinta kuwa an daɗe ana kai shi ƙasar Suwidin saboda kamanninta da hulunan Vendel da Valsgarde, sai ga shi a 2025 an bayyana wani ɗan hatimin ƙarfe da aka tsinta a tsibirin Tasinge na Denmak, mai zane irin nata, gardama ta sake tashi. Wata hular da aka tono a birnin York a 1982 ta zo da sauƙi, domin an rubuta addu'a da sunan mai ita, Oshere, a jikinta, aka gane ta ƙarni na 8 ce. Wata kuma da ma'aikata suka tono a garin Yarm a shekarun 1950 ta yi ta zama ana shakkarta har 2020, sa'ad da binciken ƙarfenta ya nuna ta ƙarni na 10 ce.

Rigar yaƙi mai auduga ta fi ba su wahala, saboda dalilin da lifidi ke ba mu wahala. Mutane da yawa suna zaton mayaƙan arewacin Turai na ƙarni na 9 da na 10 suna sa irinta a ƙarƙashin sulke, amma ba a sami ko guda da ta rage daga wancan zamani ba. Sai a ƙarni na 12 rubuce-rubuce suka fara ambatonta sosai, alal misali dokar makamai ta Sarki Henri na Biyu ta 1181 da ta wajabta wa 'yan birni mallakarta. Waɗanda suka rage har yau kuwa, kamar rigar ɗan sarkin Ingila da ya mutu a 1376 wadda ke Kantabari, na ƙarni na 14 ne. Abin sha'awa, ɗaya daga sunayen wannan riga a bakinsu, aketon, daga kalmar Larabci alƙuɗun ya fito, watau auduga. Mu da su rijiya ɗaya muka ɗebo, kowa da gugansa.

Abin koyi a nan shi ne, masanansu sun raba tambayoyi. Yaushe dabarar ta samu, yaushe kalmar ta shigo, yaushe aka yi wannan abin da ke gabanmu? Sun kuma yarda su warware abin da suka haɗa in shaida ta saɓa musu.

Yadda za a tambayi kayan

Gani ya kori ji. Yawancin abin da ake bukata ba ya cin kuɗi. A sulke, a duba zobe ɗaya-ɗaya: an ɗaure bakinsa da ƙusa, ko an haɗa bakin kawai, ko kuwa naɗi biyu ne irin na makullai? Akwai tambari ko rubutu a kan wani zobe? A lifidi, a duba ko zaren kaɗi ne ko na kanti, saƙi ne mai ƙananan ƙwarya ko akoko mai faɗi, ɗinkin hannu ne ko na keke. A duba rini, gama rinin kanti na sinadari bai samu a duniya ba sai daga 1856, saboda haka ƙyallen da aka rina da shi ba zai girmi wannan shekara ba. A kwalkwali, a duba ko ƙarfen bugun maƙera ne mai tabon guduma, ko shimfiɗaɗɗe ne na inji. Kuma a duba kowane hawa daban, domin gyara yakan ɓoye tsufa.

Bayan wannan sai awon kimiyya. Awon kabon 14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, yana aiki a kan auduga da fata, kuma tun daga 1977 an sami hanyar da ɗan ƙyalle kaɗan ya isa. Sai dai a san cewa daga wajen 1650 zuwa 1950 awon ba ya iya tsai da shekara sosai. Duk da haka zai amsa babbar tambayarmu, watau ko akwai lifidin da ya girmi 1650.

Sa'an nan a tambayi mutane yadda ya kamata. Maimakon "shekarunsa nawa?", a ce "wa ya sa shi, a wane hawa ko wane yaƙi, a zamanin wane sarki?" Ƙarni na 19 bai bar wannan iyaka ta huta ba, ga harin Ningawa, ga na Maraɗawa, ga Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895. Bayan 1903 kuma, da bindiga mai ruwa ta kashe kasuwar lifidi a fagen fama, sai ya koma kayan hawa. An yi babban hawan daba a Kaduna a 1956 da 1959 da 1977, kuma hankali ya ba da cewa irin wannan taro yana sa a ɗinka sababbi a gyara tsofaffi. Gwangwanin da na gani mai yiwuwa ɗan ɗaya daga waɗannan shekaru ne, saƙin da ke ƙarƙashinsa kuwa mai yiwuwa ya ga yaƙi na gaske.

Abin da za a ce mini

Na san wani zai ce, mene ne ribar rage wa dattijo shekarun gadonsa? Amsata ita ce, kwalkwalin da aka tabbatar kakan mutum ya sa shi ya tare mahara a ƙofar garinsu a ƙarni na 19 ya fi daraja a kan wanda aka jingina ga Amina ba da hujja ba. Na farko yana da suna da wuri da labari. Wani kuma zai ce wannan aikin sashen tarihi ne da na masu tone-tone. Lalle akwai rabonsu, amma sunayen sassan lifidi, da kirarin 'yan lifida, da kalmomin madinka da maƙera, wa zai tattara su in ba mu ba?

Lokaci kuma ba ya jiranmu. A ƙasar Kudan an gaya mini labarin wani gida da magada suka sayar wa wani dillalin kayan dā sulken kakansu, ba wanda ya auna shi, ba wanda ya ɗauki hotonsa. Abin da aka raba shi da gidansa ya rasa rabin shaidarsa, ko da ya ƙare a gidan adana kayan tarihi mafi kyau a duniya. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, saboda haka masu tambaya za su ƙaru, masu saye ma za su ƙaru.

Kammalawa

Shawarata ga malamaina ita ce a daina karɓar "1390 zuwa 1410" a kundin ɗalibi sai ya faɗi cewa lissafin Palmer ne a kan littafin da aka kammala a ƙarshen ƙarni na 19. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, musamman 'yan Ikara da Paki da Makarfi da Gimi da Hunƙuyi da Likoro, kowa ya koma gida da littafin rubutu da magwaji. A nemi izinin hakimai da dagatai da masu gida, a rubuta abin da aka gani kafin abin da aka ji, a ɗauki hoto ciki da waje, a bar kayan inda aka same su. Abin da aka tara a ajiye kwafinsa a sashe da kuma Gidan Arewa da ke Kaduna.

Iyakar abin da shaida ta ba mu a yau shi ne: dabarar lifidi da sulke daga gabas ta zo, mai yiwuwa ta Barno, a wani lokaci tsakanin ƙarshen ƙarni na 14 da ƙarni na 16, sulke saye aka riƙa yi, lifidi kuwa ɗinkawa, abin da ke cikin adudan gidajenmu kuma sai an duba ɗaya-ɗaya. Ni dai na yi wa dattijona alkawarin komawa bayan salla, domin ya ce akwai wani ƙaninsa da ya san wanda ya yi wa kwalkwalin shafi. Allah ya kai mu, ya sa mu same su lafiya.